Jonawa, Maja da Ɗinki: Kalmomin Haɗi na Turanci a Ma'aunin Garin Karu

Turanci yana da tarin aikatau waɗanda idan aka dube su sama-sama duk abu guda suke faɗa, wato a kawo abu biyu ko fiye wuri ɗaya: "join", "connect", "link", "attach", "merge", "amalgamate", "integrate", "annex", "unite". Mai fassara labarai a gidan rediyo, ko mai juya takardar hukuma zuwa Hausa, da zarar ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, galibi sai ya ɗauko "haɗa" ko "haɗe" ko "haɗin kai", ya wuce gaba. Ba za a ce ya yi ƙarya ba, domin kalmar "haɗa" tana da faɗin da za ta rufe su duka. To amma rufewar ita ce matsalar. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana ba da amsa dabam ga tambaya guda: bayan an gama haɗin, me ya rage na kowane ɓangare? Sunansa yana nan? Ikonsa fa? In ya so komawa, akwai hanya? Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin da za su rarrabe waɗannan amsoshi ba. Mu ne muka jingine su, muna ta aiki da guda ɗaya.

Masu nazarin ilimin ma'ana sun daɗe da yarda cewa da wuya a sami kalmomi biyu da suka zo daidai wa daida a kowane muhalli. Hanyar gane bambancinsu ita ce a gwada su a kan abu guda, a ga wacce ta zauna, wacce ta ƙi zama. Abin gwajin da na zaɓa shi ne garin Karu, saboda ban san wani wuri a Najeriya da haɗuwa da rabuwa suka cuɗanya kamarsa ba.

Karu tsohon gari ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari. A watan Fabrairun 1976, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da Dokar Soja mai lamba 6, wadda ta yanki ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara ta kafa Birnin Tarayya. Iyakar gabas ta ratsa ta cikin ƙasar Gbagyi. Sakamakon haka, yau Karu biyu ce. Akwai wadda take cikin Abuja, ƙarƙashin ƙaramar hukumar da aka fi sani da AMAC, akwai kuma ƙaramar hukumar Karu da ta faɗa cikin Filato, sannan ta koma Nasarawa da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba 1996. Sarautar ma biyu ce: Sa'karuyi a ɓangaren Abuja, Esu Karu a ɓangaren Nasarawa. Bayan da gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, tsadar haya a tsakiyar birni ta riƙa tura ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu zuwa gabas, rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 kuma suka ƙara ingiza su. Yanzu mutum zai taso daga gadar Karu, ya bi ta Nyanya da Mararraba da Ado har Masaka, bai ga daji ba. Doka ta raba, jama'a sun cike tsakani. Wace kalma ce ta dace da wannan hali?

Titi da waya

Asalin "join" daga Latin ne, daga aikatau "jungere", kuma saiwarsa ɗaya da "yoke", wato karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanun noma biyu a wuya. Ma'anar ta riƙe wani abu na wannan asali har yau: abubuwan suna taɓa juna kai tsaye, sun fuskanci alƙibla guda, amma kowanne yana nan yadda yake. Kafinta yana "join" na katako biyu, mutum yana "join" na jam'iyya ba tare da ya daina zama kansa ba. Shi kuwa "connect" daga "nectere" ya fito, wato ɗaurewa, kuma yana bukatar abu na uku a tsakani: waya, gada, titi, bututu. Abubuwan da aka yi wa "connect" suna iya kasancewa nesa da juna ƙwarai. "Link" ɗan'uwansa ne na kusa, asalinsa zoben sarƙa guda ɗaya. "Attach" kuma ba ya ɗaukar ɓangarorin a matsayin tsara. Ƙarami ake liƙa wa babba, kamar hoto a jikin takardar neman aiki.

Hausa tana da kalmar da ta yi daidai da "connect" fiye da "haɗa" nesa ba kusa ba, ita ce "sada". Ba a sadawa sai da mai sadarwa ko abin sadarwa. Titin Abuja zuwa Keffi ya sada Asokoro da Masaka, bai mai da su unguwa ɗaya ba. Daga nan muka sami "sadarwa" da "sada zumunci", kuma duk mai jin Hausa ya san cewa waɗanda aka sada, kowa zai koma gidansa. Ta wannan fuska Karu da Abuja a sade suke: titi ɗaya, motocin haya ɗaya, kuma da aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013, kamfani ɗaya ne, AEDC, aka damƙa wa ba Abuja da Nasarawa da Neja da Kogi wuta.

Akwai wani abin lura a bakin masu gyaran wuta. Ba sa cewa za su sada waya, ba kuma kullum suke cewa za su haɗa ba. Cewa suke yi za su "jona". Kalmar aro ce daga "join", amma da ta shigo Hausa sai ta zauna a gurbin da Bature zai ce "connect": a jona wuta, a jona ruwa, a jona waya da caji. Wannan ya nuna abu biyu. Kalmar aro ba ta zuwa da dukkan kayanta, sai abin da masu aron suke bukata. Sannan masu sana'a sun ji a jikinsu cewa "haɗa" ta yi faɗi da yawa, suna son kalmar da za ta keɓanta da haɗin da wani abu ke gudana ta cikinsa, wanda kuma ake iya cirewa a kowane lokaci. "Jona" tana tafiya da "yanke" da "cire". Walda ba haka take ba. Abin da mai walda ya haɗa, sai an sa injin yanka.

Kafin a bar titi, ya kamata a tsaya a kan sunan garin da ke bakin iyakar. Wurin da hanyoyi suka gamu, Turanci yana kiransa "junction", daga saiwar "jungere" ɗin nan dai. Hausa tana da suna biyu. Akwai "magama", daga "gama", kamar Magama Gumau a Jihar Bauchi da Magamar Jibiya a Katsina. Akwai kuma "mararraba", daga "rarraba", kamar Mararrabar Jos da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Wuri ɗaya ne, mahangar ce ta bambanta: mai isowa yana ganin magama, mai fita yana ganin mararraba. Garin da ke maƙwabtaka da Nyanya suna na biyu ya ɗauka, sunan kuwa ya dace da matsayinsa a yau, domin a nan ikon Ministan Abuja ya ƙare, na Gwamnan Nasarawa ya fara.

Inda suna yake ɓacewa

"Merge" wani mataki ne dabam. Asalinsa "mergere", nitsewa cikin ruwa. Idan abu biyu suka yi "merge", aƙalla ɗaya zai rasa sunansa, wani lokaci duka biyun. Misali mafi bayyana shi ne garambawul ɗin bankuna da Babban Bankin Najeriya ya yi a zamanin Farfesa Charles Soludo. A 2004 aka ba bankuna wa'adin ƙarshen 2005 su kai jarinsu naira biliyan 25, kuma daga bankuna 89 sai 25 suka rage. Bankin Arewa, wanda mutanenmu suka daɗe da sani, yana cikin bankuna tara da suka narke suka zama Unity Bank a 2006. Wanda ya ce bankunan sun "haɗa kai" bai gaya wa mai ajiya gaskiyar abin da ya faru ba. Masu haɗa kai suna nan da kawunansu. Bankin Arewa kuwa babu shi.

A siyasa bambancin ya fi fitowa fili. A zaɓen 1999 jam'iyyun AD da APP sun tsayar da ɗan takara guda, Cif Olu Falae, amma kowacce ta riƙe sunanta da ofishinta. Wannan ƙawance ne. A 2013 kuwa ACN da CPC da ANPP sun ajiye sunayensu baki ɗaya, hukumar zaɓe ta yi wa APC rajista ranar 31 ga Yuli. Gwamnonin PDP biyar da suka shigo a watan Nuwamban shekarar ba su narkar da jam'iyyarsu ba, sheƙa suka sauya, wato "join" suka yi. A nan ma jama'a sun riga masana. Kalmar "maja" ta bazu a majalisun hira da shirye-shiryen siyasa na rediyo, kuma ba wanda yake rikita ta da "ƙawance" ko "haɗin gwiwa" ko "haɗin gambiza". Wasu masu kishin harshe suna ƙyamar irin wannan aro. Ni ina ganin shaida ce cewa kunnen Bahaushe yana jin bambancin da alƙalamin mai fassara yake shafewa.

To, Karu ta yi maja da Abuja? Ta fuskar gine-gine, e: rufin kwano ya haɗe da rufin kwano, baƙo ba zai iya nuna inda iyakar take ba. Ta fuskar hukuma kuwa ko kusa. Mai fili a Karu ta Abuja, takardar mallakarsa daga Ministan Birnin Tarayya take fitowa, domin tsarin mulkin 1999 ya damƙa ƙasar yankin ga Gwamnatin Tarayya. Mai fili a Mararraba kuwa Gwamnan Nasarawa ne yake sa masa hannu, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Na farkon ba ya zaɓen gwamna ko ɗan majalisar jiha. Na biyun yana zaɓe. Rundunar 'yan sandansu dabam, hukumar harajinsu dabam. Doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne, don haka ma'aikacin da yake kwana a Masaka yana wuni a Garki, ƙarfinsa yana wuri ɗaya, harajinsa yana wani. Ambaliya da bola da cunkoson safiya ba su san iyaka ba, kasafin kuɗi ne kaɗai ya santa. Idan ɗan jarida ya rubuta cewa Karu ta haɗe da Abuja ya yi shiru, mai karatu zai tambayi dalilin da ya sa titin unguwarsa bai yi kama da na Maitama ba, kuma zai kai kukansa ƙofar da ba ita ba.

"Amalgamate" ta fi "merge" nauyi a kunnen ɗan Najeriya saboda 1 ga Janairu 1914, ranar da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. Kalma ce ta masu sarrafa ma'adinai. "Amalgam" shi ne abin da ake samu idan zaiba ta narkar da wani ƙarfe, kamar yadda masu haƙar zinariya a Zamfara suke tattara ƙurar zinariya da ita. Kalmar tana nuna cakuɗuwar da ido ba zai iya rarrabewa ba. Amma abin da Lugga ya yi bai kai nan ba. An haɗa baitulmali da kwastan da gidan waya da layin dogo, wanda ya riga ya iso Kano tun 1911. Arewa da Kudu kuwa kowacce ta ci gaba da Laftanar-Gwamnanta da sakatariyarta. Majalisar dokokin da tsarin mulkin Clifford ya kafa a 1922 ba ta yi wa Arewa doka ba, kuma wakilan ɓangarorin biyu ba su zauna a majalisar dokoki guda ba sai da tsarin mulkin Richards ya fara aiki a 1947. Kalmar ta yi alkawarin narkewa, aikin kuwa ya tsaya a jonawa na fiye da shekara talatin. Ina ganin wani ɓangare na gardamar da ake yi har yau a kan 1914 daga wannan tazara ya samo tushe.

A nan ne ƙirar aikatau ta Hausa take da wata fa'ida da Turanci ba shi da ita. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, inda wasalin ƙarshe da karin sauti suke sauya ma'anar saiwa guda. "Haɗa" tana aji na ɗaya, kuma tana neman wanda ya yi aikin. "Haɗe" tana aji na huɗu, mai nuna cewa aikin ya game, bai bar saura ba. "Haɗu" tana aji na bakwai, ba ta ɗaukar karɓau. Waɗanda suka haɗu, kamar da ƙafarsu suka zo. Turanci yana son mai da aikatau suna, ya ce "amalgamation" ko "merger" ko "integration", sai mai aikin ya ɓuya a bayan kalmar. Hausa ba ta cika ba da wannan mafaka ba. Dole mai magana ya zaɓa tsakanin "an haɗa su" da "sun haɗu". Saboda haka "haɗuwar Arewa da Kudu", da akan ji a wasu rubuce-rubuce, kuskuren tarihi ne ba na nahawu kaɗai ba. Daidai shi ne "haɗe Arewa da Kudu da Turawa suka yi". Haka ma Gbagyin Karu ba rabuwa suka yi ba, raba su aka yi.

Shigarwa da mamaya

"Annex" saiwarsa ɗaya da "connect", amma ba shi da taushinta: babba ne yake jawo ƙarami ya mai da shi nasa, da yardarsa ko babu. Hausa za ta ce "mamaye" ko "haɗiye". "Integrate" kuma daga "integer" yake, cikakken abu, ma'anarsa a shigar da wani cikin jiki har ya zama gaɓa mai aiki, ba tare da an shafe shi ba. Tarihin Abuja ya gwada kalmar. Shirin farko na 1976 shi ne a kwashe dukkan mazauna yankin a sake musu matsuguni a waje. Tun 1978 aka sassauta shirin saboda tsadarsa, ko da yake wasu sun riga sun ƙaura, shi ya sa ake da garuruwa irin su Sabon Wuse a Jihar Neja. A 1992 aka ɗauki manufar "integration" a ƙauyen Garki, wato a bar mutane inda suke, birni ya zagaye su, kafin daga baya a sake komawa kan batun sake matsuguni. Idan aka fassara wannan manufa da "haɗe ƙauyen da birni", an ɓatar da sharaɗinta. Gidan da manyan tituna suka kewaye amma ba shi da magudanar ruwa ko takardar mallaka, an kewaye shi ne kawai. "Shigar da su cikin tsarin birni" ta fi tsawo, amma ita ce take ba ɗan asalin wurin abin da zai riƙe ya nemi haƙƙinsa.

Tarayya da ɗinki

Kirarin da ke jikin lambar motocin Abuja yana kiran birnin cibiyar "unity". "Unite" daga "unus" yake, wato ɗaya, amma a amfanin yau da kullum ba ya nufin a zama jiki ɗaya, sai dai a zama masu manufa ɗaya. "Haɗin kai" ta dace da shi sarai, haka ma karin maganar nan ta tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Hatsarin yana wurin ƙaninsa, "unify". Ranar 24 ga Mayu 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da Dokar Soja mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya da jihohin yanki, ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Masu goyon bayan dokar suna ganin haɗin kai suke nema. Da yawa a Arewa kuwa abin da suka ji shi ne za a haɗiye su. Cikin 'yan kwanaki tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, ana kiran a raba, aka yi asarar rayukan bayin Allah masu yawa, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo. Gwamnatin Yakubu Gowon ta soke dokar a shekarar. Ba ina cewa kalma ce ta jawo wannan bala'i ba; dalilansa sun fi haka zurfi. Amma duk wanda ya karanta tarihin waɗannan watanni ba zai sake ɗaukar tazarar da ke tsakanin "unity" da "unification" da wasa ba.

"Federation" daga "foedus" yake, wato alkawari ko yarjejeniya. Hausa ta ba shi "tarayya", zaɓi ne kuwa mai kyau, domin masu tarayya a gona ko a jari kowa yana da rabonsa sananne. Sai dai mun ɗora wa kalmar kaya fiye da ƙima. Muna cewa Tarayyar Najeriya, wadda ta zama "federation" tun 1954, muna kuma cewa Tarayyar Turai da Tarayyar Afirka, waɗanda "union" ne na ƙasashe masu cin gashin kansu. Mai sauraro ba zai gane daga sunan ba cewa Birtaniya tana da damar ficewa daga Tarayyar Turai, ta kuma fice a 2020, alhali tsarin mulkin Najeriya bai ba kowace jiha wannan dama ba.

Fassarar da ta fi burge ni a wannan fage ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya raɗa sunan bai bi "united" sau da ƙafa ba. Ya dubi halin da duniya take ciki a 1945, ya ga yagaggen abu ne ake son gyarawa, sai ya ɗauko kalmar tela. Ɗinki yana barin kowane ƙyalle da launinsa, layin zaren yana nan ana gani, amma rigar guda ce, kuma ba ta ɗinkuwa sai wani ya zauna ya bi ta taki-taki. A ganina, wannan ce kalmar da Karu take nema. Ba wanda yake tsammanin za a goge iyakar 1976, ba kuma lallai ne a goge ta ba. Abin da ya rage shi ne hukumomin ɓangarorin biyu su ɗinke tsarin sufuri da magudanun ruwa da kwashe shara da tsaro, maimakon zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa.

Ana iya kawo suka biyu a kan wannan bayani. Na farko, asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba. Baturen da ya ce "merge" ba ya tunanin nitsewa, kuma Turancin Najeriya ma yana da nasa salon, inda mutum yake "join" na motar haya. Wannan gaskiya ne, shi ya sa hujjar maƙalar ba ta tsaya a kan asali ba. Ta tsaya ne a kan amfani: ba mai cewa titi ya yi "merge" na garuruwa biyu, ba kuma mai cewa CPC ta yi "connect" da ACN. Suka na biyu shi ne mai fassara labarai ba shi da lokaci. Amma "sada" da "maja" da "ɗinke" ba su fi "haɗa" tsawo ba. Ƙamusoshi kuwa muna da su, daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, zuwa na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ba mu wadata da shi ba shi ne littafin da zai jera kalmomi masu kusancin ma'ana, ya nuna da misalai inda kowacce take zama da inda take ƙin zama. Aiki ne da ya dace da sassan Hausa na jami'o'inmu.

Ƙaramin mahaɗi a gaban Kotun Ƙoli

Ɗaya daga cikin ƙananan kalmomin haɗi a Turanci ita ce "and", kuma ita ce ta fi kowacce tayar da ƙura a 'yan shekarun nan. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya shar'anta cewa wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sannan ya sa "and" ya ambaci Birnin Tarayya. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 Bola Tinubu bai kai kashi 25 cikin ɗari a Abuja ba. Lauyoyin Atiku Abubakar da na Peter Obi suka ce "and" ɗin nan sharaɗi na biyu ne mai zaman kansa: sai an sami kashi 25 cikin ɗari a jihohi 24, sannan a sami haka a Abuja. Ɗaya ɓangaren ya ce kalmar tana shigar da Abuja ne cikin lissafi, ta zama kamar jiha ta 37. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani ta ɗauki fassara ta biyu ranar 6 ga Satumba 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 26 ga Oktoba. Cikin abin da aka dogara da shi har da sashe na 299, wanda ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha, da kuma ƙa'idar daidaiton masu zaɓe.

A Karu wannan muhawara tana da fuska. Da fassara ta farko ta yi nasara, da ƙuri'ar mai zaɓe a Karu ta Abuja tana da ikon hana mutum mulki, wanda ƙuri'ar ɗan'uwansa na Mararraba ba ta da shi, alhali a kasuwa ɗaya suke cefane, wataƙila ma kakansu ɗaya.

Hausa ba za ta bar marubucin doka ya tsaya a tsakiya haka ba. "Da" ɗinmu sunaye yake haɗawa, ba ya haɗa jimloli, kuma yana da 'yan rakiya masu fayyace nufi. "Jihohi har da Abuja" ta sa Abuja cikin ƙidaya. "Jihohi, sannan kuma da Abuja" ta ware ta a matsayin sharaɗi na dabam. Sashe na 55 na tsarin mulkin ya tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi shirin da ya dace. Duk ranar da aka cika wannan tanadi, mai fassarar da aka miƙa wa sashe na 134 zai rubuta ɗaya daga cikin waɗannan jimloli biyu, kuma bayan hukuncin Oktoban 2023, "har da Abuja" zai rubuta.